Daga Jinka Zuwa Kwano: Tarihin Mallakar Gidan Farko a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Duk ɗan masarautar Gumel da ya daɗe yana zaman birni, ko a Kano yake ko Kaduna ko Abuja ko Legas, ya san tambayar da dattawa kan yi masa idan ya zo gida hutun salla. Bayan an gaisa an tambayi iyali da aiki, sai a karkato a tambaye shi ko ya sa tubali. Tambaya ce gajeriya, amma amsarta kan yi wa mutane da yawa nauyi, domin akwai waɗanda suka shafe shekara talatin suna aikin gwamnati ko kasuwanci, har furfura ta fito, alhali suna cikin gidan haya.

Abin mamaki shi ne kakanninmu, waɗanda ba su san albashi ba, balle banki, sukan mallaki muhallinsu tun suna da ƙuruciya. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi lamarin ya juya a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Gida dai abu uku yake buƙata, wato fili da kayan gini da masu aiki. A da jama'a ce take samar wa mutum dukkan ukun. Cikin shekara ɗari da 'yan kai sai suka koma abin saye ɗaya bayan ɗaya, tallafin da hukuma ta kawo a madadinsu kuma bai kai ga mafi yawanmu ba.

Gida A Zamanin Da

Masarautar Gumel ta kafu ne wajen shekarar 1750 a hannun Mangawa ƙarƙashin jagorancin Ɗan Juma, kuma ta daɗe tana cikin inuwar daular Barno. Tana daga cikin masarautun da ba su shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 aka taso da fadar daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, aka dawo da ita inda Gumel take a yau. Zamani ne na yaƙe-yaƙe da Haɗejiya da Kano da Damagaram, saboda haka abin da sarki ya fi buƙata shi ne yawan jama'a. Ƙasa tana nan shimfiɗe, mutanen da za su nome ta su kuma kare ta su ne suka yi ƙaranci. Wannan ne ya sa baƙon da ya zo neman wurin zama ake marhabin da shi, domin ƙaruwa ce ga gari.

Matashi a wancan lokaci ba ya fara da neman fili. Yana cikin gandun mahaifinsa, yana noma tare da 'yan uwansa, idan kuma lokacin aure ya yi sai maigida ya nuna masa wani gefe a cikin gida, a yi masa ɗaki, a kewaye da danga ko zana. Wannan sashen shi ne gidansa na farko. Sai iyali sun yi yawa, ko gandu ya rabu bayan rasuwar uba, sannan mutum kan je wurin mai unguwa ko bulama ya nemi inda zai kafa nasa gidan. Abin da yakan kai bai wuce goro ko damin hatsi na gaisuwa ba. Ba a ɗaukar wannan a matsayin ciniki, kuma fili yakan zauna a hannun mutum da zuriyarsa muddin suna zaune a kai.

Kayan gini kuwa daji da gona ne suke bayarwa. Karan dawa da na gero su ne na danga, gamba ta zana ce, shuci na baibayar jinka, itace kuma na dirka da tanka. Mai son ɗakin ƙasa sai ya haƙo ƙasa a kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya a rana. Soro mai azara da indararo da yaɓen makuba ya fi yawa a gidajen sarakuna da attajirai da manyan malamai, domin shi kam yana buƙatar gwanin magini da azarar giginya.

Aiki kuma na gayya ne. Da an gama kaka, sai mai niyyar gini ya sanar da abokai da dangi, a sa rana. Matasa su kwaɓa ƙasa su miƙa tubali, a taru a ɗaga jinka a ɗora ta bisa ɗaki, mata su zo su yi daɓe suna waƙa, mai gida kuma ya tanadi fura da tuwo da goro. A nan ne karin maganar nan ta samo asali, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kyauta ce tsagwaronta. Bashi ne na zumunci, wanda aka yi wa gayya a bana shi ma zai amsa kiran wani a baɗi. Kada kuma a manta da wahalhalun wannan zamani, domin gobara takan cinye unguwa guda cikin sa'a ɗaya lokacin hunturu, gara tana cin itace, jinka kuma sai an riƙa sabunta ta bayan 'yan shekaru.

Zuwan Turawa Da Shigowar Kuɗi

A shekarar 1903 Gumel ta shiga ƙarƙashin mulkin Ingila a zamanin Sarki Ahmadu, bayan 'yan shekaru kuma aka shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa, wadda ta bar Maigatari a bakin iyaka. A 1910 Turawa suka kafa dokar da ta sanya dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna a madadin 'yan ƙasa, aka sabunta ta a 1916, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a kan wannan tushe a 1962. A aikace talakan ƙauye bai ga wani babban canji ba, domin har lokacin wurin dagaci da hakimi yake zuwa.

Abin da ya sauya rayuwa shi ne kuɗi. Turawa sun kashe wuri, sun kawo fam da sule da kwabo, suka kuma ce da su za a biya haraji. Dole magidanci ya noma gyaɗa ko ya tafi cin rani domin ya samo su. A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya ratsa ta Gagarawa, abin da ya sauƙaƙa fitar da gyaɗa da shigo da kayan kanti. Daga cikin kayan da suka shigo akwai kwanon rufi da ƙusa da katako da siminti. Ma'aikatan En'e da dillalan gyaɗa da fataken dabbobi su ne suka fara ɗora kwano a kan bangon ƙasa, kuma nan da nan gidan kwano ya zama alamar wanda ya samu.

Kwano ya rage fargabar gobara da wahalar baibaya, amma shi ne abu na farko a ginin talaka da gayya ba ta iya samarwa. Sai an saya, kuma sai an kira kafinta an biya shi. Tun daga nan kayan gini suka fara fita daga hannun jama'a suna komawa kasuwa. Yawan tafiya cin rani kuma ya raunana gandu, domin matashin da ya riƙe kuɗin guminsa ya fara tunanin gina nasa da kansa.

Shekarun Albashi Da Siminti

Shekarun 1970 su ne suka kammala juyin. A 1973 naira ta maye gurbin fam, a daidai lokacin da fari ya addabi ƙasarmu, ya karkashe dabbobi, ya tura mutane da yawa birane. A 1975 cuta ta lalata gyaɗa a Arewa, noman da bai sake komawa yadda yake ba. A ɗaya ɓangaren kuma kuɗin man fetur sun shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, gwamnati kuma ta yi odar siminti mai yawan da ya sa ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas a 1975. A 1976 aka yi garambawul ga ƙananan hukumomi, aka fara shirin ilimin firamare kyauta, aka kuma buɗe babbar kwalejin horon malamai a Gumel, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta jiha. Malamai da ɗalibai da ma'aikata suka ƙaru, masu hali suka fara gina ɗakunan haya, gonakin bakin gari kuma suka fara yin daraja a matsayin fulotai.

Ginin bulo da siminti ya kore gayya gaba ɗaya, domin aiki ne na birkila da lebura da ake biya kullum ko a yi jinga. Wannan shi ne abu na biyu da ya koma na kuɗi.

Na ukun kuwa, wato fili, dokar amfani da ƙasa ta ranar 29 ga Maris, 1978, a zamanin mulkin Janar Obasanjo, ita ce ta tsara matsayinsa har zuwa yau. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Filayen da ke cikin wuraren da aka ayyana a matsayin birane gwamna ne yake ba da izinin zama a kansu, da takardar da aka fi sani da C of O, wadda galibi ta shekara 99 ce ga gidan zama. Na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izini irin na gargajiya. Haka nan ba a sayar da fili ko a jinginar da shi sai da amincewar hukuma, idan kuma gwamnati ta karɓe shi domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta fi shafar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Taƙaddamar da ta biyo bayan ware dubban hektoci na gonaki a Gagarawa domin noman rake a shekarun 2010 ta nuna wa kowa ƙarfin wannan doka.

Duk da haka cinikin fili a garuruwanmu ya ci gaba a bisa tsohuwar hanya: dillali ya haɗa ciniki, a rubuta takarda, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Wannan takarda tana da daraja a idon jama'a, tana kuma taimakawa a gaban alƙali, amma banki ba ya karɓar ta a matsayin jingina. A nan ne mafi yawan mutanenmu suka tsaya a bakin ƙofar duk wani rance na gina gida.

Tallafin Da Hukuma Ta Kawo

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙarin cike gurbin da gandu da gayya suka bari. Tun a 1956 aka kafa wata ƙungiyar ba da rancen gini ta Nijeriya, wadda a 1977 ta zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙuduri gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, kuma ko da yake abin da aka kammala bai kai rabin wannan buri ba, har yanzu akwai unguwanni a garuruwa da dama da ake kira da sunansa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikatanmu da suka baro Kano sun tarar da Dutse ba ta da isassun gidaje, saboda haka akasarin rukunin gidajen da gwamnatin jiha ta gina a shekarun farko a can suka tattaru.

Shiri mafi muhimmanci ga ma'aikaci shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka ta 3 ta 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi a zuba a asusun, wanda ya yi wata shida yana zubi kuma yana da damar neman rance da ruwan kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Wanda bai ci rance ba, yana da haƙƙin karɓar abin da ya tara idan ya yi ritaya, haƙƙin da mutane da yawa ba su san da shi ba. Tun daga 2023 zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. A 2022 kuma hukumar fansho ta ƙasa ta ba da damar mai asusun fansho na tarayya ya yi amfani da kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara a matsayin kafin alƙalami na rancen gida.

Bari mu yi lissafi domin a ga inda gizo yake saƙa. Wanda ya ci rancen naira miliyan 5 a kan kashi 6 cikin 100 na tsawon shekara 30, zai riƙa biyan kimanin naira 30,000 duk wata, jimillar abin da zai biya kuma ta kusa miliyan 11. Tun da ƙa'ida ita ce biyan kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum yake samu, to sai mai albashin da ya kai naira 90,000 ne zai cancanta, kuma sai yana da fili mai cikakkiyar takarda. Manomin riɗi a Sule Tankarkar da mai fataucin dabbobi a Maigatari ba su da takardar albashi, ba su kuma da ta fili. Bugu da ƙari, jama'armu da yawa suna ƙauracewa duk rancen da yake da ruwa saboda haramcin riba. Sai a 2012, da bankin Jaiz ya fara aiki, sannan aka fara samun hanyoyin da ba na ruwa ba, kamar murabaha da ijara, inda banki yake sayen gida ko kayan gini ya sayar wa mutum da riba sananniya, ko ya ba shi haya har ya mallaka.

Tsadar Wannan Zamani

Buhun siminti shi ne ma'aunin da kowa ya fi ganewa. A 2019, lokacin da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, buhu yana wajen naira 2,500, wato albashin yana sayen buhu 12. A 2024 albashin ya koma naira 70,000, amma buhu ya haura naira 10,000 a farkon shekarar, wato bai fi buhu 7 ba. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ƙara kuɗin dakon siminti da rodi da katako da kwano, waɗanda duk daga nesa ake kawo mana su. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, ya taɓa kasuwar Alhamis ta Maigatari, wadda da ita ce gidaje masu yawa a yankin suka ginu.

Mai shirin gini ya kuma sani cewa kuɗin fili ba su ne ƙarshe ba. Akwai la'adar dillali, da goron mai unguwa da shaidu, da kuɗin safiyo, da na takardun hukuma da amincewa da zanen gini, sannan ga haƙa masai da samar da ruwa da jawo wuta. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne sukan tsayar da gini a linta shekara da shekaru. Ambaliyar 2022, wadda ta rusa dubban gidaje a Jigawa, ta ƙara tuna mana cewa filin kwari komai arharsa yana da tsada, kuma ginin ƙasa yana buƙatar harsashi mai ƙarfi da magudanar ruwa.

Darasin Da Ke Ciki

Idan aka duba wannan tarihi za a ga cewa mafi yawan gidajen ƙasar Gumel, na da da na yanzu, da taimakon juna da haƙuri aka gina su. Adashi, da sayar da sa ko tumaki bayan kiwo, da kuɗin amfanin gona, da gudummawar ɗan uwa, su ne suka yi aikin da banki bai yi ba. Saboda haka ga wasu shawarwari ga 'yan uwa mazauna birane.

Da farko, a gaggauta mallakar fili tun ana da ƙarfi, domin yawan jama'a yana ƙaruwa amma ƙasa ba ta ƙaruwa. Kafin a biya, a binciki asalinsa a wurin mai unguwa da maƙwabta da ofishin ƙasa. Idan na gado ne, a tabbatar an raba, kowane magaji har da mata ya amince, domin a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya fi kowa cancantar sayen rabon ɗan uwansa. Bayan saye kuma a daure a yi takardar hukuma. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, a gina daidai ƙarfi. Kakanninmu da ɗaki ɗaya suke farawa, gida ya riƙa girma tare da iyali. Katanga da ciki da falo da bayan gida sun isa a shiga a huta da haya, sauran kuma su biyo baya. Garuruwanmu cike suke da manyan gine-ginen da aka fara da buri, aka bar su ba rufi, suka zama matattarar awaki. Wanda yake aiko da kuɗi daga nesa ya wakilta amintacce, a riƙa rubuta komai, domin rashin rubutu ya raba zumunci da yawa.

Na uku, wanda harkarsa da karatun 'ya'yansa suke birni ya yi tunani da kyau a kan inda zai fara. Babu laifi a fara da inda haya take cin aljihu, amma kada a bar gida ba ko da fuloti, tun da an ce gida biyu maganin gobara. Waɗanda suka zauna gidajen gwamnati sun ga darasi lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin mayar da alawus kuɗi a 2003 ta kuma shiga sayar da gidajenta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na huɗu, wanda ya fi shafar ƙungiyoyinmu na ci gaban gari, shi ne a raya gayya a cikin sabuwar siga. Ƙungiyar gama kai mai rajista tana iya sayen gona babba ta yanka wa mambobi, ta nemi takardu a dunƙule, ta sayi siminti da kwano a kan sari, ta kuma ba da bashi marar ruwa bi da bi. A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da safiyoyi da ma'aikatan banki, kuma idan kowannensu ya ba da shawarar sana'arsa kyauta ga matashi mai ginin farko, ya yi daidai da wanda ya miƙa tubali a zamanin da.

Kammalawa

Daga ɗakin kara na zamanin Tumbi zuwa ginin bulo na yau, abin da ɗan ƙasar Gumel yake nema bai sauya ba, wato inda zai rufa wa iyalinsa asiri, ya sauki baƙonsa, ya kuma bar wa magada abin tunawa. Farashi zai ci gaba da hawa da sauka, gwamnatoci za su zo da shirye-shiryensu su wuce, kuma ya kamata mu ci gajiyar duk wanda ya dace da mu. Amma jinkar yau ta fi ta jiya nauyi, saboda haka ta fi buƙatar hannaye. Allah Ya hore wa wanda bai mallaka ba, Ya sanya albarka a gidajen waɗanda suka mallaka, Ya kuma zaunar da masarautar Gumel da Jihar Jigawa lafiya. Amin.